Zare Biyu a Garejin Radisav

Ko ƙarfe goma na safiyar Litinin ba ta yi ba, amma Radisav ya shiga garejinsa ya fito sau uku. Ya shiga ya duƙa ya leƙa, ya miƙe ya fito tsakar gida ya riƙe ƙugu, ya sake komawa. Matarsa Dobrila tana zaune ƙarƙashin rumfar inabi a kan 'yar kujerarta mai ƙafa uku, tana ɓare gasasshen tattasai. Lokacin kaka ya shigo, kuma duk macen da ta san ciwon kanta a unguwarmu ta bayan garin Kragujevac tana cika kwalabe da markaɗen tattasai kafin hunturu ya rufe mutane a ɗaki.

"Ka zauna mana, tsoho," in ji ta. "Kai ke kai-kawo, ni ke jin jiri."

"Milimita huɗu."

"Ranar Juma'a ka ce biyu."

"Ranar Juma'a biyu ne."

Ta ci gaba da ɓarar tattasanta. Wannan shirun nata ya fi masa ciwo da a ce ta yi masa dariya.

Shekara talatin da takwas Radisav ya yi a kamfanin motoci na garin, kuma bai taɓa haɗa mota ba. Aikinsa gado ne. Haka mutanen sashensu ke kiran teburin ƙarfen da ake ɗora bututai a kai, a danne kowanne a mazauninsa, kafin a yi musu walda su zama shasi, wato ƙwarangwal ɗin mota. In gado ya karkace, duk motar da aka haifa a kansa a karkace za ta fito. Radisav yakan ce wa sababbin ma'aikata gado shi ke riƙe awo, ba kan mutum ba. Ko wanda ya zo aiki da magagin giyar jiya, in ya ɗora bututu a gadon Radisav, dole ya zauna daidai. Ya faɗi wannan magana har mutane suka gaji da ita, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata shi.

Da ya yi ritaya sai ya ce yanzu lokacin tasa motar ne. Ba irin akwatunan da ya gama rayuwarsa yana yi wa gado ba, masu kai yara makaranta da ɗauko buhun dankali. Shi 'yar mitsitsiya yake so mai kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa yadda in kana zaune za ka iya shafa kwalta da tafin hannunka. Injin yana nan a lulluɓe da tamfol tun bara. Bututai sittin da ɗoriya suna jere a jikin bango, ko ɗaya bai yanka ba, don ya ce sai gado ya tsaya tukuna.

Gadon kuwa ya tsaru, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Dogayen ƙarafa biyu masu kauri, tsawon mita uku, da wasu a gicciye, da ƙafafu shida. Ya huda daɓen gareji ya ɗaure kowace ƙafa da manyan notoci har sai da sifana ta ƙi juyawa, kamar yadda ake yi a kamfani. Da ya gama ya ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, suka gitta juna a tsakiya. In gado bai murɗe ba, zaren nan biyu za su taɓa juna da ƙyar, ba tazara, ba dannewa. Ranar farko sun taɓa. Bayan kwana uku sai ga tazara. Ya kwance noti, ya cusa siraran ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa, zare ya taɓa zare, ya rubuta a bango da alli. Bayan kwana biyu tazara ta dawo. Mako uku ke nan ana wannan rawa.

Ƙarfe ba ya motsi da kansa, kowa ya san haka. To in ba ƙarfen ba ne, saura mai awon. Nan ne abin ya tsorata Radisav, don ya san yadda ciwon ubansa ya fara. Uban nasa, tsoho Vitomir, kafinta ne, kuma kafin ya fara ɓata a hanyar gida, kafin ya fara tambayar matarsa ko ita 'yar gidan wa ce, da katako ya fara. Zai auna ya yanka, ya fito gajere. Ya rantse ya auna daidai, ya zagi tef ɗin, ya sake yankawa. Radisav da kansa ne ya sa wa shagon tsohon kwaɗo wata safiya, ya jefa makullin a aljihu, ya ce masa makulli ya ɓata. Saboda haka ya san yadda ake yin wannan abu, kuma ya san da fara'a ake yinsa.

'Yarsu Gordana da ke aiki a garin Novi Sad ta bugo waya makon jiya, muryarta zaƙi-zaƙi. Ta samar masa ganin likita ranar Alhamis. "Dubawa ce kawai, Baba, kowa ma yana yi." Bai tambaye ta dubawar mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da ya sani shi ne in likita ya girgiza kai, lasisin tuƙi ne zai fara tafiya, makullin gareji ya bi bayansa. Ba wanda zai bar mutumin da kansa ya fara zubewa da na'urar walda da tukunyar gas.

Wajen sha ɗaya amininsa Milutin ya turo ƙofar gida da ƙafa, hannunsa riƙe da 'yar kwalbar giyar gida ta bana, wadda ake kira rakiya. Shi ya tsaya wa Radisav ranar aurensa, a kamfani kuma fenti yake yi, shi ya sa har gobe yake ganin ba abin da fenti ba zai rufe ba.

"Uwargida, sannu da tattasai. Ina injiniyan? Ko ya tafi tsere Italiya bai sallame mu ba?"

"Yana ciki yana gaisawa da zarensa," in ji Dobrila.

Milutin ya shiga ya zagaya gadon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Mutumina, motar nan dai a kan zare za mu hau ta? Ni fa na sayi hular tsere, kar asu ya riga ni sawa."

"Zo ka karanta mini nan," in ji Radisav, ya miƙa masa 'yar rula ta ƙarfe.

Milutin ya duƙa da nishi, ya kanne ido ɗaya. "Kai nawa ka gani?"

"Kai nake tambaya."

"To ai… nawa ka ce ɗazu? Huɗu? Huɗun ne. Cif."

"Ko rular ba ka kai wajen ba."

"Haba, ni da na baro tabarau a gida. Kai ma da neman magana kake. Milimita huɗu wa zai gani? Ka yi waldarka, ni kuma in watsa mata ja, sai ta ɗauke ido."

"Titi zai gani. A gudun ɗari da ashirin titi zai gani, ya kai ka rami da jan fentinka."

"To ka huta mana har bayan Alhamis, in an ga…" Milutin ya shiga neman abin buɗe kwalba a aljihun da babu komai.

Radisav ya dube shi. Ashe har Milutin an faɗa wa. Ashe ana zama a kansa, ana shan kofi ana tausaya masa. Ya ji kunya da fushi sun taso masa tare, ya rasa wanda zai fara haɗiyewa. Ya karɓe rularsa ya ce yana da aiki. Milutin ya fita ya zauna wajen Dobrila, suka yi ƙasa da murya, shi kuwa ya kwance notoci ya sake cusa siraran ƙarfe har zare ya taɓa zare. Ya rubuta a bango, Litinin, huɗu, na gyara. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ƙarshe.

Talata aka wuni ana ruwa. Radisav ya hana kansa shiga gareji, sai ya addabi gidan. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya jera cokula bisa tsawonsu, ya kunna rediyo ya kashe, ya tsaya a taga yana ƙirga ɗigon indararo. Dobrila ta ce in bai zauna ba za ta cusa shi a kwalba tare da tattasai.

Laraba da safe ya shiga. Tazara milimita uku. Ya dubi rubutunsa na bango, ga "na gyara" nan da layinta biyu. Hannunsa ne, ba shakka. Amma shin ya gyara ɗin, ko ya rubuta ne kawai ya ɗauka ya gyara? Ya yi ƙoƙarin tuna nauyin sifana a hannunsa ranar Litinin, sai ya ga ba zai iya rantsewa ba ko ta Litinin ce yake tunawa ko ta Juma'a. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da ƙarfe ya faɗo kusa da kansa a kamfani. Ya rubuta uku a bango ya fita.

Bayan abincin rana ya kwanta kamar kullum, amma barci ya ƙi. Ya juya dama, ya juya hagu. Can sai ya ji ƙarar ƙofar gareji, wadda ya daɗe yana cewa zai sa wa mai. Ya tashi ya zura silifa.

Dobrila ce. Ta shigo da 'yar kujerarta ta zauna a tsakiyar gadon, tabaranta a kan hanci, rularsa a hannunta, ta kai ta daidai inda zare ya gitta zare. A cinyarta ga littafin da take rubuta girke-girke, ta buɗe shi ta baya. Ta karanta, ta lashi bakin fensir, ta rubuta.

"Tun yaushe?" in ji shi.

Ta firgita, amma ba ta ɓoye littafin ba. "Kwana goma sha shida."

"Gordana ce ta sa ki."

"Ta ce likita zai so a kawo masa a rubuce. Ta ce in riƙa bin bayanka ina duba inda ka yi kuskure."

"Kika kuwa bi."

"Na bi. Da wa kake so ya bi, Milutin?" Ta miƙo masa littafin. "Ungo, kafin ka fara kumbura. Ga nawa, ga naka a bango. Ka nemo mini inda suka saɓa."

Ya karɓa ya matsa kusa da bango. Biyu, biyu. Taɓawa, taɓawa. Huɗu, huɗu. Ranar Litinin da rana ta rubuta, zare ya taɓa. Ashe ya gyara. Ya bi layi goma sha shida da yatsa, ya dawo ya sake bi, ba inda lambarta ta bar tasa. Ya jingina da gadon.

"Awonka lafiya lau yake," in ji ta. "Na so in faɗa maka tun makon jiya, to ta yaya zan faɗa ban tona kaina ba?"

A gefen kowace lamba ta sa wata 'yar kalma. Rana. Rana. Ruwa. Hadari. Ya tambaye ta wannan fa. Ta ce ai saboda shanyar tattasai ne, ta saba. Ya sake bin layin. Duk inda ta rubuta ruwa, washegari tazara ta buɗe.

"Daɓen ne ke tashi," ya faɗa a hankali, kamar mai tsoron kar ya ji kansa.

"Au, wannan? Wannan ai tsohon labari ne." Ta nuna kantar kwalabenta da ke can ƙuryar baya. "Kowace kaka in ruwa ya fara sai na cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar kantar nan ta gaba, in zafi ya dawo in cire. Shekara talatin da wani abu ina yi."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambayata ba. Kai injiniya, ni mai kwali."

Sai komai ya dawo masa. Gaban garejin a kan bangon ɗakin ƙasa yake zaune, ba inda za shi. Bayan kuwa ƙari ne, wanda aka yi shekarar da aka haifi Gordana. Gayya aka kira ranar wata Asabar, maƙwabta suka zo da shebur, aka zuba kankare a kan baƙar lakar nan tamu da ke tsagewa da zafi ta kumbura da ruwa. Rakiyar da aka sha ranar ta fi simintin da aka zuba yawa. Tsagar da ke tsakanin tsohon daɓe da sabo kuwa Milutin ya bi ta da fenti mai kauri tun tuni. Radisav ya zo ya ɗaure ƙafa huɗu a wannan ɓangare, biyu a wancan, ya matse su tam. Duk lokacin da laka ta sha ruwa ta ɗaga kafaɗa, gado ya bi ta ya murɗe.

Maganin shi ne ya kwance gadon daga ƙasa ya mayar da shi mai ƙafa uku. Kar wani ya ce kujerar Dobrila ce ta koya masa abin yi. Tun yana ɗan koyo ya san abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan wace irin ƙasa. Ba mantuwa ce ta hana shi ba, sabo ne. A kamfani kaurin daɓe ya kai mita guda, kuma shekara talatin da takwas abin da ake fara yi wa gado shi ne a ɗaure shi da ƙasa. Bare da bai san komai ba da ya ajiye gadonsa haka nan ya zauna lafiya. Sai gwani ne zai yi irin wannan wauta, ya kuma yi ta da kyau.

Dariya ta kama shi, ta farko cikin mako uku. Yana dariyar ya juya shafi, don ya ga ko akwai sauran lambobi.

"Kawo nan," in ji Dobrila, ta miƙo hannu da sauri.

Ya riga ya gani. Wannan shafin ba lambobi. Layi uku ne kawai da rubutunta mai kwanciya. Uku ga wata, ya bar gas a kunne ya fita. Tara ga wata, ya kira Gordana da sunan Stana sau biyu a waya. Stana ƙanwarsa ce, ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sha huɗu ga wata, a bakin kasuwa ya tsaya ya tambaye ni ta wace hanya muka zo.

Na gas ɗin ya tuna, har da faɗan da ta yi masa. Sauran biyun ya nema a kansa, ya sake nema, bai samu ko inuwarsu ba. A gefensu ba ta rubuta rana ko ruwa ba.

"Wataƙila gajiya ce," in ji ta. "Ba ka barci sosai, tun da zaren nan ya…"

"Wataƙila."

Ya rufe littafin ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta rungume shi a ƙirji, idonta ya cika, ta juya tana gyara kwalaben da ba abin da ya same su. Ya tsaya yana kallon bututan nan sittin da ɗoriya a jikin bango. Ya ji tausayinta ya fi nasa, don shi yau ya karanta, ita kuwa ita ta zauna ta rubuta.

"Kira mini Milutin," in ji shi. "Ki ce ya zo da tabaransa, da farin fenti, da ƙaramin buroshi."

Kafin Milutin ya iso ya kwance notoci duka. Suka yanke ƙafafu uku, suka mayar da ɗaya tsakiya ta baya, biyu suka rage a gaba. Radisav ya yi wa cikin gadon waldar ƙarafa a gicciye don ya riƙe kansa da kansa, ba sai ya jingina da ƙasa ba. Milutin yana riƙe masa ƙarfe yana mita, wai shi an raina masa fenti, alhali ba don fentinsa ba da tuni ɓeraye sun shigo ta tsagar nan. Rana ta yi sanyi kafin ƙarfen ya huce, suka daidaita, suka ja zare.

"Tsohuwa, zo ki karanta."

Dobrila ta gyara tabarau ta duƙa. "Ya taɓa."

Ya sa Milutin ya ɗaga ƙafar baya da jak, suka tura guntun katako mai kaurin yatsa a ƙarƙashinta, suka sauke. Ko lakar da ta sha ruwan shekara ba za ta ɗaga ta haka ba.

"Yanzu fa?"

"Yana nan a taɓe."

"Shi ke nan," in ji Milutin, ya tafa hannu. "Ina kwalbar nan ta shekaranjiya? Gordana kuma a ce mata ta mayar wa likitanta ranarsa."

Radisav ya buɗe gwangwanin fenti, ya ɗauko takardun zanensa ya ba Dobrila. A kan gadon akwai mazaunin kowane bututu, ƙananan ƙarafa da ya yi wa walda a jere. Ya tsuguna gaban na farko ya tsoma buroshi.

"Karanto mini. Suna da tsawo."

"Na ƙasa, hagu, gaba. Ɗari takwas da goma sha biyu."

Ya rubuta da manyan baƙaƙe a jikin ƙarfen, yadda ko daga bakin ƙofa za a iya karantawa. Ya matsa gaba.

"Mutumina, wannan kuma na mene ne?" in ji Milutin. "Kai da ko cikin barci aka tashe ka za ka jero su?"

"Riƙe mini gwangwanin."

Milutin ya dubi Dobrila, ya dubi littafin girkin da ke hammatarta, ya karɓi gwangwanin. Ta karanto na biyu, ta karanto na uku. A na bakwai ta tsaya a tsakiya, sai da ta maimaita.

"Goben wajen likita ƙarfe nawa ne?" Radisav ya tambaya, bai ɗago kai ba.

"Tara."

"Ki zo da littafin, duka shafukan. Amma ki tashe ni shida, ina so in yanka bututun farko kafin mu tafi." Ya sake tsoma buroshi. "Na takwas."